Zuwanmu Birni da 'Yar Inna

Tun da muka dawo daga Kano malaman makarantarmu suka hana ni sakat. Malama Asabe ta tare ni a bakin aji, ta biyo ni gida, har a gidan suna ba ta ƙyale ni ba. "Wai da gaske kun hau Dala? Wai da gaske ke kika tara jama'a a kasuwar Kurmi?" Kowa da irin labarin da ya isa kunnensa, har akwai wadda aka gaya wa wai ɓarawo na kama da hannuna. To, ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata takarda. Amma mai neman tarihin birni ya nemi wani, domin ni har yau ban san ta wace ƙofa muka shiga ba.

Sai na fara da gida, in ba haka ba ba za a gane abin da ya kai mu ba. Ni 'yar Karaye ce, aure ya kai ni Rogo, a can nake koyarwa a firamare. Maigidana, wanda nake ce wa Malam, malamin dabbobi ne, danginsa Fulanin Ruwan Bago ne. 'Ya'yanmu uku. Akwai Hadiza mai shekara bakwai, bakinta ba ya hutawa, akwai Zainabu mai uku. Sannan akwai ta fari.

Ranar da na yaye ta, mahaifiyar Malam, Inna, ta zo ta goya ta ta wuce da ita Ruwan Bago, kamar yadda ake yi da 'yar fari. Sunan Inna aka sa mata, saboda haka daga ni har Malam babu mai kama sunan a baki. A wurina sunan surukata ne kuma na 'yar fari, a wurinsa sunan mahaifiyarsa ne. 'Yar Inna kowa yake ce mata. In na je Ruwan Bago ba na ɗaukarta, ba na kallonta sau biyu, ko faɗuwa ta yi a gabana sai dai in kira wata ta ɗaga ta. Haka aka yi mini a gidanmu, haka na yi, har yabona ake yi wai ina da kara.

Da damina Allah ya yi wa Inna rasuwa, aka kawo mana yarinyar tana da shekara goma. Muka zama kamar baƙi biyu da aka sauke ɗaki ɗaya. Ita tana ce mini Malama, ni kuwa in zan yi mata magana sai in bi ta kan Hadiza: "Ce wa yayarki ta zo ta ci abinci." Da aka sa ta a ajina, sai da na je na roƙi hedimasta ya sauya mini aji, don kada in kira sunanta a rajista.

Wata huɗu ana haka, sai yayar Malam, Gwaggo Dudu, ta aiko daga Ruwan Bago cewa a mayar mata da yarinyar, ita za ta ci gaba da riƙo. Aka tambayi 'Yar Inna, ta ce duk yadda aka ce. Malam ya amsa cewa in an yi hutu a zo a ɗauke ta. Ni kuwa ba na so. Wallahi ba na so. Amma da wane baki uwa za ta ce tana son 'yar fari?

Ana cikin wannan Hadiza ta dawo daga makaranta da labarin Dala da badala da ƙofofin birni, ta ishe mu. Malam ya ce bari ya kai su su gani da idonsu, ita ma yarinyar nan ta ga birni kafin ta koma ƙauye. Ya ce Kano a tafin hannunsa take. Daga baya na gane cewa kwas ɗin wata uku ya taɓa yi a bayan gari, kuma daga makarantar sai tasha ya sani.

Motar wani abokinsa ya aro. Muka cika but ɗin motar da rake da mazarƙwaila da ƙwan zabi a cikin dusa, da ƙwaryar kindirmo da na ce kada a ɗauka aka ɗauka. Muka tashi bayan sallar asuba. A Karaye muka tsaya gidanmu, wai gaisuwar tsaye. Kafin a gama da Baba, a shiga wurin mahaifiyata, a leƙa maƙwabta biyu da za su yi fushi in sun ji mun wuce, hantsi ya dubi ludayi. Mahaifiyata ta ce ba za mu sauka gidan 'yar'uwarta a birni hannu biyu ba, kamar raken da ke but ba kaya ba ne, ta kamo wani jan zakara ta ɗaure masa ƙafa ta tura shi ƙarƙashin ƙafafun yara.

Ba mu yi nisa da Karaye ba muka faɗa wani rami, na ji ƙwaryar kindirmo ta yi magana a baya. Malam bai yarda ya dube ni ba. Gaba kaɗan mota ta fara hayaƙi, muka tsaya neman ruwa a wata rijiya. Hadiza ta buɗe ƙofa, ashe zakara ya kwance kansa, ya yi fiffike ya faɗa gonar dawar mutane. Malam ya bi shi da babbar riga, ni na tare ta nan, mai gonar ya fito yana tambayar lafiya. 'Yar Inna ba ta yi gudu ba. Ta zaga ta baya a hankali, ta durƙusa, ta sa hannu ɗaya ta cafke shi. Yabo ya zo mini har bakin leɓe. Abin da ya fito shi ne, "Hadiza, ce wa yayarki ta wanke hannu."

Kafin mu shiga gari muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani mai fara'a ya leƙo ta taga, ya gaisa da Malam, ya dubi baya ya ce, "Masha Allah, duk naka ne waɗannan?"

Malam ya ce, "Biyu ne nawa. Waccan ta tsohuwa ce."

Na ji wannan amsa ta fi sau ɗari, ni ma na sha ba da ita. Amma ranar sai ta yi mini wani iri, domin tsohuwar da ake faɗa tana kabari. To yarinyar ta wa ce ke nan? Na saci kallonta, ta juya fuska tana kallon titi. Zakara ya yi cara, ɗan sandan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Can sai Malam ya rage gudu ya gyara murya ya ce, "To, ku buɗe ido, ga badala." Hadiza ta leƙa ta ce, "Ina?" Ya nuna mata wani dogon tudun jar ƙasa, awaki biyu suna kiwo a kansa. Ta ce, "Baba, wannan ai irin katangar gidan Kaka ce da ta faɗi." Ya ce da can ta fi haka tsawo. Muka shige ta wata ƙofa da ya ce Kabuga ce. Hadiza ta tambayi inda ƙyauren yake, da wanda yake rufewa in gari ya yi duhu, da yadda za a ce ƙofa alhali ga motoci suna wucewa ta gefenta. Ni ce malama a motar, amma sai na ce ta tambayi babanta.

Daga nan aka shiga neman gida. A Rogo in kana neman gidan mutum sunansa kawai za ka faɗa, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka. Malam ya tsayar da wani mai keke ya fara: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙarshen damina. Kafin ya iso kan tambayar mutumin ya taka kekensa ya yi gaba. Na biyun ya tsaya, Malam ya ce gidan Hajiya Yalwa muke nema. Ya ce, "Ta wace unguwa?" Malam ya dube ni, na dube shi. Abin da mahaifiyata ta ce mini shi ne, kusa da Dala, akwai durumi a ƙofar gidan. Sau uku muna wucewa ta ƙofa guda, kowace wucewa Malam da sunan da yake ba ta. A na ukun mai shayin da ke wurin ya ɗaga mana hannu kamar tsofaffin abokai.

Sai bayan azahar muka gane gidan, kuma durumin an sare shi tun shekara biyar. Mota ba ta shiga lungun, muka ɗauki rake a ka muna bin juna, yaran unguwa suna kallonmu. Hajiya Yalwa ta karɓe mu da murna, ta ce, "'Yar nan, ai da kun ce Yalwa mai alkaki, da tun a bakin titi an kawo ku." Aka sauke Malam a soro, mu kuma a ɗakinta. Gidan mutum goma sha ne, amma tsakar gidan bai kai wurin da nake shanya barkono ba. Ba rumbu, ba turke, ba rijiya, sai famfo da ake zaman jiran ya ga dama ya kawo ruwa. Aka kawo mana gurasa da aka jiƙa aka barbaɗe da ƙuli da mai da albasa. Zainabu ta ce wa ya zuba wa burodi ruwa, ta ƙi ci, daga baya ita ta cinye rabon Hadiza.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a gidan ba famfo ba ne. Matar ɗan Hajiya, yarinya ƙarama 'yar boko, ta leƙo daga ɗaki ta ƙwala kira, "Bilkisu! Zo in gyara miki kai." Wata yarinya ta rugo ta haye cinyarta, a gaban surukarta, a gaban baƙi. Na tambayi Hajiya a hankali ko ƙanwarta ce. Ta ce, "Ina fa, ta farinta ce. 'Yan yanzu ai sai kallo." Na taya Hajiya jinjina kai, har na ce Allah ya kyauta. Da na waiga sai na ga 'Yar Inna ta bar cin gurasa, ta zuba wa uwa da 'yar ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Washegari muka fita da sassafe, Hajiya ta yi wa Malam kwatance har sau biyu, ya ce ya gane tun na farko. Gidan kayan tarihi muka fara zuwa. Wani tsohon gini ne mai zaure kamar gidan hakimi, saboda haka muka tuɓe takalma, Malam ya riƙe ƙunshin mazarƙwaila na gaisuwar maigida, ya yi sallama. Shiru. Ya sake, shiru. Muna tsaye a rana muna jiran izini, wasu Turawa biyu suka zo suka raɓa mu suka shige da takalmansu. Can wani dattijo ya leƙo ya ce, "Bayin Allah, wa kuke jira?" Malam ya ce maigidan. Ya ce, "Ai ba kowa a ciki sai kaya, ku karɓi tikiti ku shiga." Mazarƙwailar dai shi ya ci rabonsa.

A ciki akwai takubba da garkuwa da sulke, waɗannan na yarda tarihi ne. Amma da muka shiga ɗaki na gaba sai ga akushi, ga ludayi, ga maburgi, ga faifai, an jera su a bayan gilashi an sa musu takarda. Hadiza ta ce, "Umma, wannan ai akushin Kaka ne! Me ya sa aka kulle shi?" Na ce don mutane su gani. Ta ce, "To su zo Karaye mana, har tuwo za a zuba musu a ciki." Na rasa ko mu ne muka zo kallon tarihi, ko mu ne tarihin.

'Yar Inna ta tsaya a gaban wasu ƙorai masu zane, ta daɗe. Sai na ji ta ce, ba da kowa ba, "Ba a shanya su. Ƙwarya in ba ta ga rana ba wari take yi. Inna kullum sai ta fitar da nata." Tun zuwanta gidanmu ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba. Hannuna ya tashi zai dafa kafaɗarta, sai na mayar da shi na gyara mayafi.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata. Ramuka ne birjik a ƙasa cike da ruwan baba, tsofaffi suna tsoma zane suna ɗagawa, hannayensu shuɗi har gwiwa. Zainabu ta ce rijiyoyin sun lalace. Tana leƙa ɗaya takalminta ya suɓuce ya faɗa. Marinin ya sa sanda ya lalubo shi, ya miƙo mata yana cewa an yi mata rini kyauta. Haka ta ƙarasa yawon, ƙafa ɗaya fara ɗaya shuɗiya, tana kuka wai a tsoma ɗayan ma.

Dala kuwa, ni na ɗauka akwai wani abu a samansa. Muka yi ta hawa, ina goye da Zainabu, numfashina kamar zai tsinke. Muka isa, fili ne fetal, sai iska. Na ce, "Malam, me muka hau gani?" Ya ce ƙasa. Na ce ai daga ƙasan muka taso. Ya share ni, ya tara yara ya miƙa hannu ya ce can ne Rogo, in da idonku yana da ƙarfi har rufin gidanmu za ku hango. Wani tsoho da ke zaune yana jan carbi ya ce, "Malam, nan gabas ne, yanzu na idar da salla ina kallonsa." Gaskiya dai garin daga sama abin kallo ne, gidajen ƙasa sun haɗe kamar an zuba gyaɗa a faifai. Amma hankalina yana kan yarinyar da ta tsaya can gefe ita kaɗai, ta juya tana kallon yamma, inda Rogon take da gaske.

La'asar ta kusa muka shiga Kurmi. Duk wanda ya ce muku kasuwa ce bai faɗa daidai ba, gari ne da aka yi wa rufi. Lunguna ne da mutum biyu ba sa jerawa, wannan ya shiga wancan, nan masu fata, nan masu turare, nan masu huluna, ka juya sau biyu ka rasa inda ka fito. Malam yana gaba yana neman linzami. Ni ina goye da Zainabu, na riƙe Hadiza gam da hannun dama. Hannuna na hagu ba komai a cikinsa. 'Yar Inna tana biye da mu a baya, domin uwa ba ta riƙe hannun 'yar fari a bainar jama'a.

Ban san lokacin da abin ya faru ba. Hadiza ce ta ja ni ta ce, "Umma, ina Yaya?" Na waiga, sai fuskokin da ban sani ba. Na koma lungun da muka fito, ko kuwa wanda na zaci shi ne, babu ita. Malam ya bi ta dama ya ɓullo ta hagu, babu ita. 

Wani dattijo mai sayar da jakunkunan fata ya ga yadda muke zarya ya tsayar da mu. Ya ce mu kwantar da hankali, yaro ba ya ɓata a Kurmi, za a bi layi layi ana kira. "Yaya sunanta?"

Malam ya ce, "'Yar Inna."

Dattijon ya ce, "Malam, rabin 'yan matan garin nan 'yan Inna ne. Sunanta na yanka nake tambaya."

Malam ya dube ni, na dubi ƙasa. Dattijon ya sunkuya wurin Hadiza ya ce ta faɗa masa sunan yayarta. Ta ce Yaya. Ya ce na gaskiya fa. Ta ce, "Yaya 'Yar Inna." Mutane sun fara taruwa, wani yana cewa ko ba 'yarsu ba ce, wata tana cewa a kira 'yan sanda a bincike mu. Dattijon ya ce, "Wai 'yarka ce ko ba 'yarka ba ce?" Malam ya ce, "Ta gidanmu ce." Sai mutumin ya gane, ya tafa hannu ya ce, "Au, ta fari ce? Haba bayin Allah! A nan za ku yi kunya? An kusa fara rufe rumfuna fa."

Malam ya laluba aljihu ya zaro biro, ya rubuta sunan a tafin hannunsa ya miƙa wa dattijon. Ya duba ya ce shi ajami ya iya, boko bai taka ba. Aka shiga neman mai karantawa, kafin a samo gumi ya narkar da rubutun. Malam ya goge hannu a riga ya fara sabon rubutu.

Ina tsaye ina kallon manyan mutane sun kewaye tafin hannu, 'yata kuma tana wani wuri a cikin garin da ba ta san kowa ba. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na buɗe baki na ce, "Rakiya."

Da ƙyar ya fito, kamar na mai mura. Wata mai sayar da daddawa a gefena ta ce, "Na'am?" Na ture ta na wuce. Na sake kira, wannan karon da duk ƙarfina. "Rakiya! Rakiya!" Na saki layin masu fata na faɗa na masu tabarmi, mayafina ya zame ban tsaya ɗauka ba, Zainabu tana tsalle a bayana tana kuka, ni ma kukan nake yi, a gaban maza, a tsakiyar kasuwa. Mata uku suka amsa mini a hanya, ba wadda nake nema. Shekara goma sunan yana bakina ban taɓa jin yadda yake fita ba, ranar sai da Kurmi duka ta ji shi.

A rumfar masu ƙorai na same ta, zaune a kan tabarma kusa da wata tsohuwar Bafulatana. Ashe ta ji matar tana ciniki da Fillanci, ta tsaya gaishe ta, tana ɗago kai ba ta gan mu ba. Tsohuwar ta ce ta zauna nan kada ta motsa, wanda ya yar da ita zai dawo nema. Ban san lokacin da na durƙusa na rungume ta ba. Jikinta ya sandare kamar itace, can kuma sai na ji ya saki.

Tsohuwar ta ce, "Ke ce uwar?"

Na ce, "Ni ce."

"Ba ita ce ta fari ba? Haka ta ce mini."

"Ita ce."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, kai ba mayafi, fuska duk hawaye, ta girgiza kai ta ce, "Zamani." Malam ya iso da mayafina a hannu da ayarin 'yan kallo a bayansa. Ya miƙo mini yana kallon wani wuri. Linzamin da bai saya ba ke nan.

Da safe muka kamo hanyar gida. Ban zauna gaba ba, na ce Zainabu tana son jikina, na koma baya. Mun wuce shingen 'yan sanda, ƙananan sun yi barci, sai na ji 'Yar Inna ta ce a hankali, "Tun kira na farko na ji."

Ban bi ta kan Hadiza ba. Na ce, "To me ya hana ki amsawa? Kin ga yadda na zama abin kallo?"

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "So nake in ƙara ji."

Na rasa ko mari zan kai mata ko me. Na juya ina kallon gonaki, ba na ganin komai. Malam ya yi ta gyara madubin mota da ba abin da ya same shi.

Kwana uku da dawowarmu Gwaggo Dudu ta iso da motar kasuwa. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa da fura, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ta ce a fito da kayan yarinya, tana so ta koma da rana. A ƙa'ida nan ne zan tashi in shige ɗaki kamar abin bai shafe ni ba. Sai na zauna. Kaina a ƙasa na ce, "Gwaggo, a yi mini haƙuri. Ba zan iya ba."

Ta ajiye ludayi ta yi salati. "Uwa ta hana 'yar fari? A gidan wa aka taɓa yi? Ke da ake misali da ke?" Ta juya kan ƙaninta ta zuba masa Fillanci mai zafi, na tsinci kaɗan, kaɗan ɗin ma ya ishe ni. Malam ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Adda, a bar ta ta gama firamare tukuna." Gwaggo ta kira yarinyar ta tambaye ta da Fillanci. Ta amsa da Hausa, ta ce, "Zan riƙa zuwa hutu, Gwaggo."

Ko furar ba ta ƙarasa ba ta tashi, kuma har yau ba ta sake taka gidanmu ba. Na san na ɓata mata, ita ma tana son yarinyar, abin yana damuna. A unguwa kuma an ce Malama ta je birni ta zubar da kunya a kasuwa. Ban musa ba.

Da yamma ranar ina bakin murhu, gishiri ya ƙare. Hadiza tana tsaye a gabana tana jiran in aike ta wurin yayarta. Na ɗaga murya na ce, "Rakiya, miƙo mini gishiri." Ta amsa daga ɗaki, amma ba ta taso ba sai da na kira sau uku, kamar dai 'yar kowa.